Yoyon Gaban Bas da Ƙafar Mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin da nake jan wata tsohuwar bas tsakanin Gwiwa, Roni da Kazaure, ranar kasuwa kuma in leƙa Babura, wani abu ya faru da ni wanda har yau in hadari ya haɗo sai ya faɗo min a rai. Motar ta girmi wasu daga cikin masu karanta wannan rubutu. Da can fara ce, amma lokacin da ta zo hannuna sai dai mutum ya yi mata uzuri. Ƙofar gefe sai an tallafe ta da gwiwa take rufuwa, hon kuwa in ya ga dama ya yi, in bai ga dama ba in fito da hannu in bubbuga bodi. Sai dai injinta lafiyayye ne, kuma da ita nake ciyar da iyalina, don haka ba na son a kushe min ita ko da wasa.

Sai na fara gaya muku wani abu game da gidanmu, in ba haka ba labarin ba zai zauna muku ba. Ni ne ɗan fari a wajen mahaifiyata, ita kuma Bafulatana ce ta ainihi, irin waɗanda kunya ta zame musu jiki. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma. Mahaifiyata ba ta faɗin sunana, ba ta kallon idona, ba ta cin abinci in ina wajen. In na durƙusa a bakin ƙofarta na ce, "Kun tashi lafiya?" tana amsawa ne fuskarta na kallon wani gefe. In tana da saƙo gare ni, ko ina tsaye a gabanta, ƙanwata take kira: "Ki gaya wa mai motar nan hatsi ya kusa ƙarewa." Ni ma ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba. Haka ake yi a danginmu, haka na tashi na tarar.

A farkon daminar shekarar ƙaya ta soke ta a gefen tafin ƙafa. Da yake tana da ciwon suga, wajen ya ƙi warkewa, ya buɗe ya zama gyambo. Muka kai ta asibiti a Kazaure. Likita ya duba, ya ce a riƙa kawo ta wankin ciwo duk bayan 'yan kwanaki, ya kuma ja mana kunne a kan abu guda: kada ruwa ya taɓa bandejin. Ya ce irin wannan ciwo in ya samu danshi yakan ci gaba da ci har ya kai ƙashi, in kuwa ya kai ƙashi magana ta canja. Bai faɗi sauran ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Ni na ɗauki nauyin kai ta da komowa daga ƙauyenmu da ke bayan Gwiwa. Na ware mata kujerar gaba, ta bakin ƙofa, saboda ta fi sauƙin hawa kuma ba mai taka mata ƙafa. Tun daga ranar ban sake ɗora fasinja a kujerar ba, ko ranar da ba ta cikin motar. Wajen da mahaifiyata take zama ba zan bar kowane ƙato ya zo ya baje a kai ba. 'Yan tasha suka yi ta yi min tsiya, wai na yi wa aljani kamun wuri. Na kuma shiga kasuwa na sayo darduma ja mai kauri, na yanka ta daidai wajen ƙafa, na ninka biyu, don kada ƙarfen ƙasan motar ya dame ta. Ranar da na shimfiɗa dardumar nan sai da na ja baya na kalle ta, ina jin duk layin ba wanda ya kai ni iya gata.

Haka muka riƙa tafiya. Ita a gaba ta juya fuska wajen taga, ƙanwata a kujerar da ke bayanta, sauran fasinjoji a can baya suna ta surutunsu. Daga gida har Kazaure ba ta cewa uffan, ni ma ba na waiwayawa wajenta. In na shiga rami da ƙarfi nakan ce wa ƙanwata, "A yi haƙuri," ita kuma ta ce, "An ji."

Ciwon dai ya ƙi ci gaba. Wata rana nas ɗin da ke wanke mata ta leƙo ta ce a kira ɗanta. Mace ce mai ɗan shekaru, ba ta da wasa a kan aikinta. Ta ɗago tsohon bandejin da ta cire ta nuna min.

"Malam, mene ne wannan?"

Na ce bandeji ne.

"Na san bandeji ne, ai ni na ɗaura. Ka ga yadda ya yi baƙi? Wannan ba ruwan ciwo ba ne, ruwan waje ne, kuma mai datti. Ina ɗaura mata sabo fes, ku dawo min da shi kamar an tsamo daga kwata. In ba za ku iya kula da tsohuwar nan ba ku faɗa min."

Ta wanke ni tas a gaban mutane. Da muka fito na huce a kan ƙanwata. Na ce ita ce take barin ta tana yawo a tsakar gida bayan ruwa, ko kuma tana wanke ƙafar wajen alwala. Ƙanwata ta rantse ta maya, ta ce shafa kawai take yi a kan bandejin, kuma ko banɗaki za ta je sai ta riƙe ta. Muka yi ta musu a gindin mota. Mahaifiyata tana zaune a ciki tana jin mu, ta kafa wa taga ido kamar maganar wasu ake yi.

Ƙanwata ce ta gano abin a zuwa na gaba. Mun iso asibiti, ta buɗe ƙofa za ta sauko da ita, sai hannunta ya taɓa bakin zanin ta ji shi sharkaf. Ta taɓa takalmin, shi ma haka. Ta danna dardumar da tafin hannu, ruwa ya taso ta tsakanin yatsunta.

"Yaya, zo ka gani."

Na zagayo na ɗaga dardumar. Wani wari ya bugo ni, irin na ruɓaɓɓen ganye. Ƙasanta duk ta jiƙe, ƙarfen motar ya fara jan tsatsa. Saboda ja ce mai duhu, daga sama ba ka ganin komai. Wato duk tsawon lokacin nan, za a ɗaura mata sabon bandeji, in ɗauko ta a motata in jiƙa shi kafin mu isa gida, ta zauna da shi a haka har wani zuwan. Gatan da nake taƙama da shi, shi ne yake cin ƙafar.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, ranar ba a yi ruwa a hanya ba. Rana ce tarwai tun da muka fito. An dai yi ruwa jiya da yamma, amma gilasai a rufe motar ta kwana, kuma da safe da na goge kujerar ban ga ɗigo ko ɗaya ba.

Ina da wani aboki mai gyaran bodin mota a Kazaure, tare muka yi ƙuruciya. Mutum ne mai son raha, ba ya iya gyara maka mota bai gyara maka zama ba. Na kai masa ita na kwashe labari na gaya masa. Ya zagaya ta, ya ja robar ƙofa da yatsa biyu, ta tsinke a hannunsa.

"Mutumina, wannan robar tun zamanin kakanka take. Ga ɓarawon nan."

Muka sa sabuwar roba. Ya shiga ya rufe ƙofa, ni kuma na yi ta sheƙa wa ƙofar ruwa da bokiti. Ya fito a bushe yana kaɗa riga. Na shanya darduma ta bushe ƙayau, na mayar. Da na je gida na tsaya a tsakar gida na ɗaga murya yadda za a ji daga ɗaki, na ce wa ƙanwata, "An gyara mota, yoyo ya ƙare." Daga ciki aka ce, "Allah ya yi albarka."

Aka sake yin ruwa, muka sake tafiya, ƙanwata ta sake taɓa darduma a bakin asibiti. Ta ji ta a jiƙe, ta ɗago ta kalle ni.

Na koma wajen abokina. Wannan karon muka bi abin a tsanake, yadda masu aikin suke yi. Ya ce bokiti ba ya nuna gaskiya, yana jiƙa ko'ina lokaci guda. Ya ɗauko butar alwalarsa ya miƙo min. Shi yana ciki ya cire dardumar ya kwanta a kujera yana leƙe, ni ina waje ina tsiyaya ruwa kaɗan-kaɗan, daga ƙasa ina yin sama, in na zuba a wuri in dakata sai ya ce in matsa. Muka bi bakin ƙofa, ba komai. Muka bi robar gilashin gaba, a kusurwar dama ya ga ɗan danshi. Da na hau sama na zuba a gindin kariya, inda aka huda rufi aka ɗaure ƙarfen ɗora kaya, sai ya buga min bodi.

"Tsaya nan. Ga shi yana gangarowa ta jikin ginshiƙi."

Muka kwance ƙusoshin, ya kankare tsatsa, ya sa roba da gam ya ɗaure. Ya bi kusurwar gilashi da gam ita ma. Muka sake zubawa, shiru. Na ce masa ko likita bai fi shi ba. Don ƙarin tsaro har na ɗauko kujera 'yar tsugunno daga gida na ajiye a wajen, yadda ƙafar za ta hau kai ba ta taɓa ƙasa ba. Na taɓa tambayar nas ko in riƙa ɗaura mata leda, ta ce kul, gumi zai dafa ciwon.

Zuwan da ya biyo baya shi ne wanda ba na mantawa. Da muka isa, bandejin a jiƙe, kuma ta sama ya jiƙe, ba ta ƙasa ba. Likita da kansa ya zo ya duba. Ya kira ni gefe ya ce bakin ciwon ya fara canja launi. Ya ce zai ƙara gwada magani na ɗan lokaci, in bai ga sauyi ba zai rubuta mu Kano, kuma gara in fara shirya zuciyata, don a can ana iya cewa a cire wani sashe a tsirar da sauran. Na fito na zauna a bakin baranda. Mahaifiyata mace ce da ban taɓa ganin ta zauna haka kawai ba, ko dai tana tatsa, ko tana daka, ko tana hanyar gidan wata da ta haihu. Na yi ta ƙoƙarin hango ta da sanda, na kasa.

A ranar a kujerar baya na so ta zauna mu koma. Ƙanwata ta sunkuya ta gaya mata, ta dawo ta ce ta ƙi. Na cire rigata ta sama na ba ƙanwata ta lulluɓe ƙafar, muka taho a haka. Da muka isa gida na yanke shawara. Na tsaya a inda na saba tsayawa na ce wa ƙanwata, daga yau an gama shiga bas. Akwai wani maƙwabcinmu mai ƙaramar mota, zan yi magana da shi ya riƙa kai su. In kuma bas ɗin dole ce, to kujerar baya.

Can sai muryar mahaifiyata ta fito daga ɗaki.

"Ki ce masa ni ba na shiga motar kowa."

Na ce wa ƙanwata ta gaya mata likita ya yi maganar Kano.

"Na ji abin da likita ya ce, ba kurma ba ce ni. Ki ce masa kujerata ba abin da ta yi min."

Raina ya ɓaci, ban taɓa jin haushinta irin na ranar ba. Na fita zaure. Ƙanwata ta biyo ni. Na ce mata wannan wace irin taurin kai ce, mutum zai ba da ƙafarsa saboda kujera? Ƙanwata ta dube ni kamar ta ga sakarai.

"Yaya, kai da gaske ba ka gane ba? Tunda aka yaye ka, a ina ta taɓa zama kusa da kai in ba a motar nan ba? Ranar asibiti tun kafin gari ya waye take shiri. Zanin da take ɗaurawa ma na fita biki ne."

Ina da aure, ina da 'ya'ya, gemuna ya fara furfura, amma ban taɓa lura da haka ba. Na daɗe a zauren kafin na koma ciki. Na durƙusa a bakin ƙofar ɗakin, na yi abin da ban saba ba, na yi magana da ita kai tsaye. Na ce, "Inna, ku taimake ni. Mun nemi inda ruwan yake shigowa mun rasa. Ku ne kuke zama a wajen. In kun ga wani abu ku faɗa."

Da za ta amsa sai ta kira ƙanwata, wadda take tsaye a bayana.

"Ki ce masa ba daga sama yake zuwa ba, ba kuma ta ƙofa ba. Daga ƙarƙashin akwatin nan na gaba yake zubowa. In hanya ta miƙe ba ya zuwa. Sai in ya karya kan motar wajen hannunsa, sai ya zubo gaba ɗaya kamar an tuntsurar da ƙwarya. Ya fi yawa in an kwana da ruwa."

Ƙanwata ta ce, "To Inna, me ya hana ki faɗa tuntuni?"

"Yaro ya ce ya gyara."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Na zo na tsaya a tsakar gida na yi shelar na gyara, ita kuma ba za ta ƙaryata ni a gaban ƙanwata ba. Ta gwammace ta riƙa ɗage ƙafa tana kauce wa ruwan, in ya same ta ta yi shiru.

Washegari na je wa abokina da wannan bayani. Ya saurara, ya daina dariya, ya ce, "Ai duk gwajin da muka yi motar a tsaye take." Ya sa na yi ta zuba ruwa a kan gilashin gaba, buta bayan buta, yana gangarawa yana shigewa ta 'yan ramukan iskar da ke gindin waifa, abin share gilashin. Ya tsugunna ya leƙa ƙarƙashin mota.

"Ka ga abin? Duk ruwan da ka zuba ba ɗigo ɗaya da ya fito ƙasa. Yana ciki."

Ya nemi afuwar kujerar Inna, ya hau ya zauna, ya miƙa ƙafafu. Na tayar da mota muka fita. A miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau. Ina karya kwana hagu sai na ji ya yi salati ya ɗage ƙafafu sama. Wandonsa ya jiƙe har ƙauri, da wani baƙin ruwa mai wari. Ni kuwa ko a lokacin ban ga zubowarsa ba, don ba direban da yake kallon ƙasa yana shan kwana, ga kuma ƙarar inji a ƙarƙashin kujera.

Muka koma ya kwance waifa, ya cire murfin da ke gindin gilashi. Ashe akwai wani kwaroro a wajen, inda ruwan gilashi yake taruwa ya bi ta ɗan bututu ya zube ƙasa. Kwaroron nan cike yake da baƙin taɓo. Da kaka nakan je har masussuka in yi lodin gero, in tsaya ana shiƙa iska tana kwaso ƙaiƙayi tana watsa wa motar. A gida kuma gindin darbejiya nake ajiye ta saboda inuwa. Ƙaiƙayi da ganye da 'ya'yan darbejiya suka taru shekara da shekaru suka toshe bututun. Ruwa ya rasa hanya ya kwanta, ya ci ƙarfen ta kusurwar dama ya huda. In mota tana tsaye bai kai bakin hudar ba, in na karya hagu sai ya kwaso gaba ɗaya ya faɗa ta nan, daidai kan ƙafar wanda ke zaune. Abokina ya sa yatsa ya zaro wani abu kore daga cikin taɓon ya ɗaga shi sama.

"Gero ne fa ya tsiro. Mutumina, ashe gona kake ja. Da ka bari zuwa kaka da mun sha kunu."

Na yi dariya, amma idona ya kawo ruwa, na juya kamar ina neman wani abu a cikin mota.

Yinin ranar a kanta muka ƙare. Muka kwashe taɓon da hannu da cokali. Ya zura wayar birkin keke ta cikin bututun yana murzawa, sai ga baƙin ruwa ya ɓalle ta ƙarƙashi yana zuba a ƙasa. Ban taɓa jin daɗin ganin ƙazanta kamar ranar ba. Ya kankare inda ya ruɓe, ya yanko ɗan ƙarfe ya yi walda, ya shafa fenti, da ya sha iska ya bi gefuna da gam. Ya yanko ragar taga ya sa a ƙarƙashin ramukan iskar don kada ƙaiƙayi ya sake shiga. Ƙasan wajen ƙafa ma muka goge tsatsar muka shafe. Darduma kuwa ya ce in na sake kawo ta kusa da motar nan sai mun ɓata, ya yanko min shimfiɗar roba wadda ko ɗigo ya sauka za a gani. Muka cika kwaroron da ruwa, muka ga yana fita ƙasa yadda ya kamata, muka fita muka yi ta shan kwana a fili har masu shayi suka fara nuna mu. Ya sauko wandonsa a bushe. Da na sa hannu a aljihu ya riƙe min hannun, ya ce in gaishe da Inna, in ce ɗanta na Kazaure yana neman addu'a.

Wannan karon ban yi shela a tsakar gida ba. Na ce wa ƙanwata a hankali, mun taɓa wajen, a duba mana a gani.

Bandeji ya fara zuwa a bushe yana komawa a bushe. Ciwon bai warke rana ɗaya ba, ya ɗauki lokaci, har akwai zuwan da na ga kamar ba abin da ya canja. Amma wata rana nas ɗin nan ta sake aikowa a kira ni. Na shiga. Ta nuna min wajen da kan almakashi, ta ce, "Ka ga jan nan? Nama ne yake cikowa." Likita ya zo ya duba ya ce a bar maganar Kano. Nas ta kalle ni ta ce, "Ashe kana jin magana." Na ce mata ina ƙoƙari.

A hanyar komawa gida ranar hadari ya taso daga gabas, muna fita Kazaure ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Waifa tana ta fama, ni kuma hankalina duk yana kan kwanar da ke gaba. Na karya hagu a hankali, na saci kallo ƙasa. Shimfiɗar a bushe, ƙafarta a kai, ta sake ta sosai. Na ƙara shan wata kwanar, haka. Can na ji numfashinta ya canja. Na dubi gefe, karon farko da na kalli fuskarta sosai a motar nan. Barci take yi. Kanta ya bar wajen taga ya karkato wajena, mayafin ya ɗan zame, bakinta a ɗan buɗe. Tun da nake ban taɓa ganin mahaifiyata tana barci ba.

Ƙanwata ta miƙo hannu za ta tashe ta, don ta san in ta farka ta gane za ta ji kunya. Na girgiza mata kai. Na rage gudu, na riƙa lallaɓa ramuka ɗaya bayan ɗaya. Wani fasinja daga baya ya ce, "Direba, ko mai ne ya ƙare?" Na ce masa hanya ce ba kyau. Sai da muka kusa gida na taka ɗan rami da gangan, na mai da idona kan titi, na ba ta lokaci ta gyara mayafinta.

Bas ɗin ta daɗe da barin hannuna. Wanda ya saya sai da na buɗe masa gindin waifa na nuna masa bututun, na ce duk farkon damina ya zura waya, ya yi ta kallona yana mamakin yadda na damu da ɗan rami. Ku ma masu tsofaffin motoci, in kun ga danshi a wajen ƙafa kada ku tsaya kan roba da gilashi kawai, ku duba inda ruwa ya kamata ya fita, kuma ku gwada motar tana tafiya. In akwai wanda yake zama a wajen, ku tambaye shi tun kafin ku ce kun gyara, musamman in mai kunya ne.

Ina gode wa Allah, ina gode wa nas ɗin da ta ƙi raga min, da abokina da ya jiƙa wandonsa saboda ni, da ƙanwata da ta faɗa min abin da na kasa gani da kaina. Mahaifiyata tana nan da ranta, da ƙafafunta biyu, sai ɗan tabo. Ko makon jiya da na je ban same ta ba, an ce ta taka zuwa ƙauyen gaba barkar haihuwa. Har yau ba ta san na ga barcinta ba. Don Allah in kun gane ta, kada ku gaya mata.